Wa ya san waƙa, kuma wa ya isa ya ce wani bai sani ba?

"Assalamu alaikum Baba. Ni tela ne a Idi-Araba, shekarata 6 a Legas. Mu huɗu ne a shago, sipika ɗaya gare mu. Ni Shata da Ɗanƙwairo nake ji, su na taso na tarar mahaifina yana saurara. Sauran kuwa daga nanaye sai waƙoƙin 'yan Legas. Ranar nan na ce musu ba su san waƙa ba, hayaniya kawai suke ji. Ɗayansu ya ce ni ma ba abin da na sani sai haddar sunayen matattu. Yau kwana 9 gaisuwa ma da ƙyar muke yi. Don Allah wane ne masoyin waƙa na gaskiya? Kuma laifi ne in gaya wa mutum abin da yake ji shirme ne, in dai shirmen ne?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya saka wa mahaifinka da alheri, ya ba ka gado mai kyau.

Tambaya biyu ka ɗaure wuri ɗaya: da me ake gane wanda ya san waƙa, sannan ko wanda ya sanin yana da ikon yanke wa wani hukunci. Da abin da na gani a sana'ata zan amsa maka. Na fara sayar da kaset a Agege tun Shata yana raye, na ga zuwan faifan sidi, na yi zamanin tura waƙa a memori, yanzu kuma kayan sauti nake kaiwa gidajen biki, daga Zangon Agege har Mile 12 da Alaba Rago. Shekaruna sun ƙare ne ina kallon fuskar mutane a daidai lokacin da suke zaɓen abin da za su ji.

Kana da gaskiya a abu ɗaya: akwai waƙa mai kyau, akwai marar kyau, kuma ana iya bambance su. Inda ka zame shi ne maganarka ba kan waƙar ta sauka ba, kan mutanen ta sauka. "Wannan waƙar ba ta yi ba" daban, "ba ku san waƙa ba" daban. Ta farko ana iya zama a yi gardamarta har la'asar a tashi ana dariya. Ta biyu kuwa ka ga abin da ta haifar.

Abin da kake ji a bakin Shata, za ka iya faɗinsa?

Maganar da abokinka ya jefe ka da ita tana da zafi, amma kada ka yar da ita gaba ɗaya. Na sha ganin mutum ya zo rumfata ya ɗaga murya ya ce a ba shi Bakandamiya, shahararriyar waƙar Shata, don na kusa su ji irin abin da yake saya. In ka tambaye shi me ya raba Shata da Ɗanƙwairo, sai ya ce ai duk manya ne. Wannan bai wuce sanin suna ba.

Alhali ba ginin waƙa ɗaya suke yi ba. Shata da kalangu yake tafiya, amshinsa gajere ne, 'yan amshi suna riƙe masa gindin waƙa suna maimaitawa, shi kuwa ya sake jiki ya shiga inda ya ga dama. Yana iya ƙera waƙa nan take a filin wasa, kuma waƙa ɗaya in ya yi ta sau uku, sau ukun ba za su zama iri ɗaya ba. Ɗanƙwairo makaɗin fada ne, da kotso, kuma 'yan amshinsa ba maimaici kawai suke yi ba. Karɓe ɗan waƙa suke yi daga bakinsa su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu, muryoyi su haɗu kamar mutum ɗaya. Irin wannan sai an zauna an shirya, an bita, kowa ya hardace. Ɗan Maraya Jos kuma shi kaɗai ne da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba ɗan amshi ko guda, ya bar sarakuna ya waƙe karen mota da auren dole. Barmani Coge da ƙwarya ta shiga cikin gida ta faɗi abin da mata suke faɗa in babu maza. Duk muna ce musu gargajiya, amma kowa da inda daɗinsa yake, kuma wanda ya san waƙa shi ne wanda zai iya nuna maka wurin da yatsa: ji nan, ji yadda ya zaunar da doguwar gaɓa inda kiɗa ya ba da fili, ji yadda ya yi shiru ya bar kalangu ya ƙarasa maganar, ji habaicin da ya saka wanda sai mai shi zai gane.

Mutumin da ya fi kowa kunne cikin duk waɗanda na sayar wa kaset direban tirelar shanu ne mai sauke kaya a mayankar Oko-Oba. Bai iya karanta sunan da ke jikin kaset ba. Sai ya ce in sa masa, ya sunkuyar da kai, kafin minti ɗaya ya ce, "Malam, ba ita ba ce. Wannan ta gidan rediyo ce. Ni ta filin wasa nake so, wadda sanƙira yake katse shi a tsakiya." In na duba sai in ga haka ne. Bai san shekarar da aka haifi kowa ba, bai taɓa yi wa kowa gorin abin da yake ji ba. Sauraro yake yi, daga farko har ƙarshe, yau da gobe, a hanyar kwana biyu tsakanin Arewa da Ikko. A wurina nan masoyin waƙa yake farawa. Sanin tarihi ƙari ne mai kyau, ka san Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015, amma wannan duk mai waya zai iya dubawa cikin ƙiftawar ido.

Me ya sa tasu take zame maka hayaniya

Kunne yana da lokacin da yake nuna, kamar ɗanyar tukunya kafin a gasa ta. Abin da mutum ya ji tsakanin tasowarsa da farkon samartakarsa, shi ne yake zame masa ma'aunin daɗi har tsufa. Kai in ka ji kotso, ba kotso kaɗai kake ji ba. Akwai rediyon mahaifinka a ciki, akwai zauren gidanku. Su ma haka. Yaron da ya baro ƙauye da ƙuruciya ya faɗo garin da zai wuni bai ji Hausa ba sai ya dawo masauki, muryar da take kiran sunan soyayya da harshen uwarsa a cikin wayarsa ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Da ka ce abin da yake ji hayaniya ne, gidan ka taɓa.

Akwai kuma rashin sabo, kuma wannan ni kaina na daɗe a cikinsa. Na yi shekaru a Agege ina ganin fuji, kiɗan nan na Yarabawa, ganguna ne kawai ake dukansu ba kai ba gindi. Wata rana wani maƙwabcina Bayarabe, mahauci, ya tsaya a rumfata Shata yana tashi, ya ce mini da zuciya ɗaya, shi bai ga abin da muke ji ba, mutum yana ta magana a kan kiɗa ɗaya daga farko har ƙarshe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai da na kwanta na gane ashe abin da nake faɗa a kan nasu ke nan. Shi ba ya jin Hausa, don haka duk hikimar ta wuce shi, sai kiɗan ya rage. Ni ba na jin Yarabanci, kuma gangar tasu magana take yi, kamar yadda kalangu yake yin take a gane wa ake kira. Daga baya shi ya zaunar da ni yana fassara mini abin da gangar take cewa. A nan na ji cewa fuji daga waƙar tashin mutane sahur a watan azumi ya samo asali, wadda suke kira were, kafin Sikiru Ayinde Barrister, wanda ya rasu a 2010, ya mayar da ita kiɗan kowane lokaci. Ya sa mini sakara, wani kiɗan nasu na da, ta Yusuf Olatunji, sai ga goge yana kuka, su suna ce masa goje. Kayan kiɗanmu ne, suna ma kusan ɗaya. Har yau ban zama mai son fuji ba, amma na daina cewa hayaniya ce, don na san ba kiɗan ne kurma ba. Kuma waƙoƙin samarin Legas da abokanka suke ji ba daga sama suka faɗo ba. Wanda ya san fuji, in ya ji Asake, ɗaya daga cikin mawaƙansu na zamani, zai ji inda ya ɗebo.

Kai tela ne, ka san ba a auna shadda da mudu. Kowace irin waƙa da ma'auninta. Shata da Narambaɗa ana auna su da magana: azanci, kirari, zambo, yadda aka sarrafa Hausa. Waƙar rawa ta 'yan Legas da jiki ake auna ta, da yadda kiɗa yake zama, kuma sau da yawa gwanin ba mai rerawar ba ne, mai haɗa kiɗan ne a situdiyo. In ka shiga ciki kana neman karin magana, za ka fito hannu wofi ka ce babu komai, alhali ba abin da aka ajiye a wurin ke nan ba. Fela, wanda ya rasu a nan Legas a 1997, yakan yi waƙa ɗaya ta cinye fuskar faifai guda, a daɗe ana kiɗa kafin ya buɗe baki. Mai gaggawa zai ce ɓata lokaci ne. Masoyansa kuwa wannan jiran shi ne rabin daɗin.

Abu na ƙarshe ya fi sauran nauyi a wurina. Yawancin rainin da ake yi wa waƙa, rainin masu jin ta ne aka sa masa riga. A ce waƙar 'yan acaba, waƙar mata, waƙar 'yan ƙauye, waƙar yara. Ka tuna Shatan da kake alfahari da shi, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, don a wancan zamani roƙo ake ɗaukarta, kuma gidaje da yawa ba sa ba makaɗi 'ya. Akwai dattawan da suke ganin kalangu kiɗan 'yan bariki ne, na fada shi ne kiɗa. Sai da aka yi tafiya mai nisa kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Sannan abin da ya iso gare ku na da, tankaɗaɗɗe ne. Ni da na sayar da kaset na san tarin waƙoƙin banza da aka yi a wancan lokaci, waɗanda suka mutu ba mai tunawa da su. An yi batsa, an wasa azzalumai don kuɗi, har mai waƙar ɓarayi an yi. Kai kana gwada garin da aka tankaɗe ne da tsabar da ko surfe ba a yi mata ba.

Ita ma nanaye tana da asali. Sunan daga amshin waƙoƙin gaɗa na 'yan mata a dandali ya fito. Ta haɗu da karin finafinan Indiya da Hausawa suka shafe shekaru suna kallo a silima, sannan da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama daga 1990, fiyano ya maye gurbin makaɗa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

To, babu shirme ke nan?

Akwai, kuma da yawa. Ba zan ce maka komai daidai ne don a zauna lafiya ba. Ina jin waƙoƙin da aka tilasta wa amsa-amo har ma'ana ta gudu, a jera kalmomi don kawai ƙarshensu ya zo ɗaya. Ina jin kari ɗaya a waƙa goma, suna kawai aka sauya. Ina ganin mawaƙin da na'urar gyaran murya ta rufa wa asiri, in ya zo biki na miƙa masa makirfo sai ya ce in sa faifan ya riƙa motsa baki. Wannan rashin aiki ne, kuma faɗinsa ba laifi ba ne. Amma a cikin masu fiyanon nan akwai waɗanda suka san Hausa ƙwarai. Ka saurari Aminu Ala da kunnen da kake sauraron na da, ka ji yadda yake gina baiti, sannan ka dawo mu yi magana.

Abin da nake so ka riƙa rabawa shi ne abu uku da mutane suke cakuɗawa. Akwai aiki, wato an iya ko ba a iya ba, kuma wannan ana kawo hujja a kansa. Akwai so, wanda ba a gardamarsa, don mutum yana iya sanin waƙa ba ta da wani aiki a ciki amma yana son ta saboda inda ta same shi. Sai kuma tarbiyya. In ana sa waƙar batsa a shagon da matan aure suke zuwa awo, yara suna kawo saƙo, kana da cikakken iko ka ce a kashe, ko da kuwa wanda ya yi ta gwanin gwanaye ne, ko da kuwa na da ne. Amma ka kira abin da sunansa. Kada ka ce "ba ku san waƙa ba" alhali abin da kake nufi shi ne "wannan ba ta dace da nan ba". Hukuncin kiɗa a addini kuwa fagen malamai ne, sun yi maganganu a kai, can za ka kai wannan tambayar. Ni ɗan kasuwar sauti ne, iyakata kunne.

Akwai abin da na yi da har yau yake damuna. Zamanin memori, wani yaro ɗan acaba ya zo da jerin waƙoƙin da yake so a rubuce a bayan takarda, duk na soyayya. Rumfa cike da mutane, na karanta da ƙarfi na ce, "Kai namiji da kai, waƙar mata za ka ji?" Aka yi dariya. Ya karɓi memorinsa bai ce komai ba, bai sake dawowa ba. Ban koya masa Shata ba, ban gyara masa kunne ba. Kunya kawai na ba shi a gaban mutane a garin da ba shi da kowa, kuma na tabbata duk ranar da ya ji ana yabon waƙar gargajiya, dariyar nan zai tuna. Ban taɓa ganin wanda gori ya sa ya so wata waƙa ba. Waɗanda na ga sun sauya, wani ne ya zauna kusa da su ya ce ji nan.

Hakkin mai waƙa a kan mai ji

Wannan ba ka tambaya ba, amma ba a cika masoyi sai da shi. Waƙa aikin mutum ce, da ita yake ci da iyalinsa. Mun yi shekaru muna tura waƙoƙi a waya muna karɓar kuɗi, ko sisi bai kai ga masu su ba, kuma ina cikin waɗanda suka yi. Na ga makaɗa da 'yan amshi da suka tsufa babu mai leƙa su, alhali muryarsu tana tashi a kowace tasha. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Yanzu hanya ta samu: YouTube, Audiomack, Boomplay, ga Spotify da ta shigo Najeriya a 2021. In mawaƙi yana da shafinsa, ka ji a can maimakon kwafin da wani ya ɗora. In ya zo wasa Legas kana da hali, ka je ka yi liƙi. Ka tambayi sunan wanda ya kaɗa ko ya haɗa kiɗan, don shi ake fara mantawa. Ta wannan fuskar, abokinka da yake bin shafin mawaƙinsa yana iya fin mai tarin waƙoƙin Shata na kwafi sauke nauyi.

Sai dai so ba makanta ba ne, ko da yake an ce so hana ganin laifi. Samarin da suke kwana a Facebook da TikTok suna zagin iyayen juna a kan wane ya fi wane, ba waƙar suke karewa ba, tuta suka samu. Wanda yake son mawaƙi da gaske yana iya cewa wannan karon gwanina bai yi ƙoƙari ba. Kai ma ka gwada: cikin waƙoƙin Shata wacce ce ba ta burge ka ba? In ka rasa ko ɗaya, ka sake saurare.

Batun shagonku

Kai za ka fara, don kai ka fara. Gobe da safe ka riga shi gaisuwa, in kun keɓe ka ce masa maganar ranar nan ta fi ƙarfin abin da kake nufi. Kada ka tsaya jiran ya janye tasa tukuna. Kwana 9 ya yi yawa ga mutanen da suke aron almakashin juna.

Sipika kuma ku raba mata lokaci, kowa ya san nasa, a kashe in an kira salla, a rage in mai kaya ya shigo. Wanda yake son abin da sauran ba za su iya jurewa ba, ya sa abin kunne. A lokacinsu ka roƙi kowa ya zaɓo waƙa ɗaya da ya fi so, ya nuna maka daidai inda daɗinta yake, ka ji ta har ƙarshe ba tare da ka taɓe baki ba. Wataƙila ba za ka so ta ba, kuma ba dole. In ba ta yi maka ba ka ce ba ta kama ka ba, ka faɗi dalili in kana da shi.

In lokacinka ya zo, kada ka fara musu da doguwar waƙar fada mai cike da sunayen hakimai da Sakkwatancin da ba su saba da shi ba. Fara da Ɗan Maraya, gajeru ne kuma labarin talaka ne irinsu. In akwai mai son dambe a cikinsu, sa masa Ɗan Anace yana wasa Shago, ka ga ko ƙafarsa za ta tsaya a kan keke. Shata ka ajiye shi sai daren aikin salla, lokacin da ɗinki ya yi yawa, barci yana fizgar kowa, ana bukatar muryar da za ta yi ta tafiya ba ta gajiya. Ka sa shi a hankali, kada ka yi sharhi, sai in wani ya ɗago kai ya tambaye ka me ya ce a nan.